Dundumin da ke bin jini, da shekara ɗaya ta ɗalibin likita

Mai karatu, idan ka tashi a gidan Bahaushe, a Sabon Ibadan ne ko Agege ko Fatakwal, da wuya a ce ba ka taɓa jin kalmar dundumi ba. Mutum ne lafiya lau da rana, yana kasuwancinsa, yana ƙirga kuɗinsa, amma da zarar an yi kiran magariba sai ya fara laluben bango. Mun saba ɗaukar abin da wasa. A ce a gasa masa hanta, a ce maiƙo ne ya yi masa ƙaranci, a yi dariya a wuce. Akwai gaskiya a ciki, domin dundumin da ƙarancin sinadarin bitamin A ke kawowa yana warkewa da abinci: hanta, manja, karas, zogale, mangwaro. Sai dai akwai wani dundumin da ko hantar sa guda aka cinye ba ya gusawa, domin a jini yake. Shi ne ya zauna a zuriyarmu, kuma shi ya sa nake son mu tattauna wata magana da a ido take kamar ta 'yan boko zalla, wato tallafin da ake ba ɗaliban likita su ajiye aji su yi bincike a kan cututtukan ido na gado.

A gidanmu mutum huɗu na sani da wannan lalura. Ƙanin kakana na farko, wanda ban riske shi da ido ba, sai da sanda. Sai wani kawuna da ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas shekaru masu yawa, ya fara daina tafiyar dare, daga baya ya daina tuƙin gaba ɗaya, yanzu kuwa idan ka tsaya a gefensa bai san kana nan ba sai ka yi magana. Sauran biyun yara ne, wa da ƙanwa, kuma iyayensu ɗan wa da 'yar ƙani ne.

Likitocin ido na kiran wannan ciwo ratinaitis figmentosa. A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A jikinsa akwai ƙwayoyi iri biyu, masu aikin dare da gefe-gefe, da masu aikin rana da tantance launi. Ciwon yakan fara kashe masu aikin dare, shi ya sa dundumi ke zama alamar farko. A hankali gani ya riƙa tsukewa daga gefe, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kimanin 4,000 a duniya na ɗauke da shi. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ce ke jawo shi ba. Idan aka haɗa dukkan cututtukan gado na wannan tantani, an gano ƙwayoyin halitta fiye da 250 da ke da hannu a ciki, ta yadda mutum biyu za su zo da alama iri ɗaya amma tushen matsalarsu daban.

Hanyar gadon da ta fi shafarmu irin ta sikila ce, wadda yanzu kowa ya fahimta. Uba na ɗauke da ƙwayar a ɓoye, uwa ma haka, dukansu idonsu garau. Kowane ciki da aka samu, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya haɗa biyun. Idan ma'auratan jini ɗaya ne, damar su zo da ɓoyayyiyar ƙwaya iri guda ta fi yawa, tunda daga kaka ɗaya suka ɗebo. Ba na cikin masu zagin auren zumunci. Ni kaina ɗansa ne, kuma na ga marayun da ya rufa wa asiri. Amma gidan da aka ga makanta tana maimaita kanta, ya kamata a zauna a yi lissafi kafin a sake ƙulla wani, kamar yadda muka koyi yin gwajin jini saboda sikila.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka kai yaran nan biyu wajen likitan ido. Ya duba su da kyau, ya faɗi sunan ciwon, ya ce babu maganin da zai rubuta. Mahaifinsu ya tambaya ko za a iya sanin wace ƙwaya ce, ko sauran 'ya'yansa na cikin haɗari. Likitan ya ce sai dai a aika jini ƙasar waje, da kuɗi masu nauyi, kuma ko an aika, amsar na iya dawowa da cewa an ga wani sauyi a ƙwayar amma ba a san ma'anarsa ba. Dalili kuwa shi ne ana gane sauyin da ke cutarwa ne ta hanyar gwada shi da na dubban mutanen da aka riga aka bincika, mu kuwa ba ma cikin littafin. Wani nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu asalin Turawa ne. Rabon 'yan asalin Afirka bai wuce ɗan ƙalilan ba, alhali nahiyarmu ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin halitta.

To su ta yaya suka cika nasu littafin? Labarin ya ba ni mamaki da na bi shi, domin ba gwamnati ce ta fara ba, masu ciwon ne. A birnin Niyok, wata mata mai suna Mildred Weisenfeld, wadda wannan dundumi ya makantar tun tana budurwa, ta kafa ƙungiyar Fight for Sight a 1946 don tara kuɗin bincike. Har yau ƙungiyar na ba ɗalibai ɗan tallafi su yi wata biyu zuwa uku na hutu a ɗakin binciken ido. A 1960 Jules Stein, likitan ido da ya yi arziki a harkar nishaɗi, ya kafa Research to Prevent Blindness. Cikin abin da take bayarwa akwai tallafin dala 30,000 ga ɗalibin likita da zai dakatar da karatunsa shekara guda cur ya zauna ƙarƙashin wani gogaggen mai bincike. A 1971 kuma wani attajiri, Gordon Gund, wanda ya rasa ganinsa yana da shekara talatin da 'yan kai, ya haɗu da wasu iyalai masu irin wannan lalura suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Foundation Fighting Blindness. Ita ma ta taɓa haɗa hannu da cibiyar Howard Hughes wajen ɗaukar nauyin ɗaliban likita su yi shekara suna bincike a kan cututtukan tantanin ido na gado.

Ka lura da wanda ake ba kuɗin. Yaro ne da bai gama makaranta ba, ba shi da lasisin rubuta ko farasitamol. Babu mai tsammanin zai gano magani cikin wata goma sha biyu. Abin da ake saye da kuɗin shi ne ɗabi'a: ya koyi yin tambaya, ya koyi ƙirga abin da ya gani maimakon ya ce "da yawa", ya ɗanɗani ɗacin gwajin da ya ƙi ci sau goma. Wanda ya sha wannan ruwan yana da shekara ashirin da uku, idan ya zama babban likita ba zai iya kallon iyali mai makafi huɗu ya rubuta "babu magani" ya kira na gaba ba. Zai ɗauko takarda ya fara zana wa ya haifi wa.

Kuma wani lokacin yaran kan yi abin da ya wuce tsammani. Ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikin ɗan Adam, waɗanda lalacewarsu ke kawo ciwon suga, wani ɗalibin likita ne a Balin, Paul Langerhans, ya fara bayyana su a 1869, kuma har yau sunansa suke ɗauke da shi. A fannin ido ma akwai misali na kusa. Jean Bennett da Albert Maguire sun haɗu ne suna ɗalibai a makarantar likitanci ta Harvard, suka yi aure, suka gama a 1986. Tun a lokacin suke tunanin ko za a iya gyara makantar gado ta hanyar sanya lafiyayyar ƙwayar halitta a cikin ido. A 2001, tare da abokan aikinsu likitocin dabbobi, suka nuna cewa karnukan da aka haifa da makanta saboda lalacewar wata ƙwaya mai suna RPE65 sun fara gani bayan allura. A 2008 aka buga sakamakon farko a kan mutane. Sai a Disambar 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin, mai suna Luxturna. Shekara 31 ke nan daga gama makarantarsu.

Kada in sa maka rai a banza, mai karatu. Maganin nan na masu matsalar RPE65 ne kawai, waɗanda a duk faɗin Amurka ba su wuce 1,000 zuwa 2,000 ba, kuma sai idan da sauran ƙwayoyi masu rai a idon. Farashinsa da ya fito dala 850,000 ne na ido biyu. Ko da ya dace da yaran gidanmu, duk danginmu ba mu da wannan kuɗin ko mun sayar da gidajen gado. Amma magunguna kan fara da tsada su sauko, kuma ana gwada wasu a kan wasu ƙwayoyin. Ranar da za su iso, tambayar farko da za a yi wa mara lafiya ita ce wace ƙwaya ce taka. Wanda bai sani ba, ko kyauta ake rabawa ba ya cikin layi.

Waɗancan tallafin na Amurka, galibinsu na ɗaliban da ke karatu a makarantun can ne. Yaronmu da ke Ibadan ko Zariya ko Inugu ba zai cike takarda ya samu ba. Saboda haka ba ina ce maka ka tura ɗanka ya nema ba ne. Tsarin nake so mu kalla, mu tambayi kanmu me ya hana mu yin namu.

Na san abu na farko da ya hana, domin na gan shi a falon yayana. 'Yarsa na aji biyar a makarantar likitanci. Da ta dawo hutu ta ce wata malamarta a sashen ido na tattara bayanan iyalai masu dundumin gado, tana son ta ba aikin lokaci sosai, ko da zai ja mata jinkiri, har ma tana tunanin bayan ta gama ta ƙara shekara a kai kafin ta nemi aikin da ke kawo kuɗi. Yayana ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Uwata, karatun shekara shida kika shiga, yau shekara nawa?" Ta yi shiru, domin kowa ya san amsar. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Bayan an gama akwai shekarar horo a asibiti, akwai ta bautar ƙasa. Ya ce, "Ƙannenki uku na bayanki, ni kuma gwiwata ta fara ciwo." Sannan ya faɗi abin da ke can ƙasan zuciyarsa, cewa masu irin wannan bincike su ne Turawa ke ɗaukewa, a wayi gari sai dai a gan ta a waya. Mahaifiyarta ba ta ce komai ba, amma na san lissafin aure take yi.

Ta juyo gare ni ta ce, "Baffa, ka sa baki mana."

Ban ga laifin yayana ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar da albasa a Mile 12 don 'yarsa ta zama likita, yana da haƙƙin ya ƙagu. A nan ne na gane amfanin tallafin da ake biya da kuɗi. Ba don sayen na'ura kawai ake ba da shi ba. Yana cire nauyin wannan shekarar daga wuyan uba. Idan yarinya ta zo ta ce, "Abba, an zaɓe ni, za a riƙa biyana kowane wata, kuma ga sunan malamar da zan zauna a ƙarƙashinta," magana ta canja. In babu wannan, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su iya bincike, su kuma ba lallai ne a gidajensu dundumi yake ba. Batun tafiya waje kuwa, gaskiya ne wasu za su tafi. Amma likitocinmu na tafiya yanzu ma ba tare da sun yi binciken komai ba. Wanda ya tara bayanan iyalai ɗari a garinsu ya kafa turke a gida, domin aikinsa da sunansa na nan, duk inda ya je sai ya waiwayo.

Wani zai ce, ƙasar da yanar ido ke makantar da mutane, wadda aikin minti ashirin ke cirewa, ina ita ina binciken ƙwayoyin gado? Maganar na da nauyi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma yana ce ta jawo kusan kashi 43 na wannan makanta. Ba shakka a fara da yana. Sai dai ka dubi na biyu a jerin, hawan jinin ido, mai kusan kashi 17. Wannan ciwo na bin dangi, ya fi kama baƙar fata, ya fi saurin kama mu da ƙuruciya, kuma ganin da ya ɗauke ba ya dawowa. Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Adeyinka Ashaye, suka jagoranci wani babban aiki a kan ƙwayoyin gadon hawan jinin ido a tsakanin 'yan Afirka, cikin shirin H3Africa. Ashe ana iya yi a nan.

Ga kuma sikila, wadda muka fi kowace ƙasa yawan masu ita. Mutane da yawa ba su san tana taɓa ido ba. Tana toshe ƙananan jijiyoyin tantanin nan, wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Abin mamaki, masu nau'in SC, waɗanda jikinsu bai cika ciwo ba, sun fi masu SS fuskantar wannan, shi ya sa ake so a fara duba musu ido duk shekara daga shekara goma. Sai sankarar idon yara, wadda ke kama 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 nata irin wanda ake iya gada ne. Alamarta wani farin ƙyalli ne a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa da dare, sau da yawa a hoton waya ake fara ganinsa. A ƙasashe masu arziki fiye da yara tara cikin goma na rayuwa. A nan kuwa sau da yawa sai ido ya kumbura ya fito ake kawo yaro, bayan an gama da tofi da kwalli. Idan ka ga wannan ƙyalli a idon ɗanka, kada ka kwana biyu.

Duk waɗannan akwai tambayoyin da ɗalibi zai iya amsawa ba tare da na'urar miliyoyi ba. Yara masu sikila nawa ne a asibitinsu aka taɓa duba wa ido? Wata nawa ake ɗauka tsakanin ranar da uwa ta ga farin ƙyalli da ranar da aka isa wajen likita, kuma ina aka biya a hanya? Iyalai nawa ne a unguwa ɗaya ke da dundumi fiye da mutum guda? Abin da ake buƙata shi ne malami mai kula, izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, kuɗin mota, kuɗin abinci, da yaro mai jin harshen mutanen. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwa a Sabo ba za ta buɗe wa baƙo sirrin wa ya auri wa a gidansu ba, amma za ta faɗa wa jikar maƙwabciyarta da ta durƙusa ta gaishe ta da Hausa. Kuma dole wannan yaro ya iya riƙe amana, domin idan magana ta fita cewa gidan su wane akwai makanta a jini, 'yan matan gidan ne za su biya, ko da idonsu lafiya lau.

Wa zai biya? Ina ganin ba sai mun jira Abuja ba. Muna da attajirai a kasuwannin shanu da na hatsi da na canji a duk biranen Kudu, masu kai mutum goma Makka a shekara, masu ɗaukar nauyin aikin yanar ido kyauta a sansani, Allah Ya saka musu. Abin da zai riƙe ɗalibi ɗaya wata goma sha biyu bai kai kujerar Hajji ɗaya ba. Sai dai kada a miƙa wa yaro kuɗi a hannu don ɗan wane ne. A bi ta sashen ido na asibitin koyarwa, a yi gasa, likitoci su zaɓa, a ɗaure kuɗin da sharaɗin cewa a ƙarshen shekara za a rubuta abin da aka gano a kuma koma a faɗa wa iyalan da suka ba da bayanansu. Muna da wuraren da za su iya riƙe irin wannan: Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas da sauransu.

Kai kuma da ke da mai dundumi a gida, kai shi likitan ido ya buɗe ƙwayar idon da ɗigo ya leƙa ciki, kada a tsaya a wajen mai sayar da tabarau. Kada a ɗura masa ƙwayoyin bitamin A ba da umarnin likita ba, domin yawansu na cutar da hanta, yana da haɗari ga mai ciki, kuma akwai nau'in ciwon ido na gado da yake ƙara wa muni. Masu wannan dundumi kan samu yana da wuri ko kumburi a tsakiyar tantanin, waɗannan kuwa ana maganinsu, a ƙara wa mutum shekarun gani. Idan yaro ne, a gaya wa malaminsa a zaunar da shi inda haske yake, a kuma fara tunanin sana'ar da ba ta tuƙi ba tun yanzu. Idan an haifi yaro da kurumta, a duba masa ido shi ma, domin akwai nau'in da ke haɗa biyun.

Ita 'yar yayana, ba ta sami shekarar ba, tunda babu mai biya. Abin da aka sasanta shi ne ta yi aikin a hutunta da ranakun Asabar. Da gidanmu ta fara, bayan ta nemi izinin kowa. Ta sayi babbar takarda ta shimfiɗa a tsakar gida gaban kakarta, murabba'i na namiji, da'ira ta mace, wanda ke da dundumi a cike nasa da baƙi. Tsohuwar ta riƙa jero sunaye har hawa biyar, tana gyara mata inda ta haɗa 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya. Mu huɗu muka sani. Da aka tashi, baƙaƙen alamomi tara ne a kan takardar, uku daga cikinsu mata ne da aka aurar ƙauye tun kafin a haife ni, waɗanda aka riƙa cewa ba sa son fita da dare ne kawai.